Ranar da Zomo Ya Zo Dubiyar Kare

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina masu kunnen ƙashi.

Ta zo mu ji ta, Iya.

To, ku matso kusa, muryata ba ta kai da ba. Kai Sallau, fito da dutsen nan da ke aljihunka. Na gan ka ɗazu kana jifan karen maƙwabta, saboda kai ne ma na ɗauko wannan. Ku yaran yanzu ba ku san kare ba sai mai bin bola. A zamaninmu, lokacin da daji ke farawa daga bayan dangarmu, muna tsakar gida muna jin kukan gauraka a fadama, kare ma'aikaci ne. Yana da suna, yana da rabonsa a tukunya. Kai, duniya ta yi daɗi a lokacin.

A wani gari can bakin daji an yi wani maharbi wai shi Korau, da matarsa Tarana. 'Ya'yansu duk sun yi aure sun watse, gidan ya rage daga su biyu sai karensu, wani ja mai farin wuya. Sha-raɓa ake ce masa, don tun raɓa ba ta bushe ba yake gaba, Korau na biye da baka da kwari. Shekara goma sha uku suna shiga daji tare. Ranar da mugun dawa ya ka da Korau zai farke masa ciki, karen nan ne ya kama kunnen dabbar ya ƙi saki har ubangidansa ya miƙe. Tun daga ranar, duk naman da aka kashe, Korau ba ya kai ko tsoka ɗaya bakinsa sai ya yanko hanta ya miƙa wa Sha-raɓa.

Ana nan, ana nan, tsufa ya zo, kamar yadda ya zo mini. Idon kare ya yi fari, haƙora suka zube, ƙafafun baya suka daina ɗaukarsa. Ya koma ƙarƙashin rumbu ya kwanta. Tarana takan jiƙa masa tuwo a romo, ya ɗan lasa ya kau da kai. Ta ce wa mijinta wannan tsufa ne, a bar bawan Allah ya huta. Korau ya hau faɗa, wai ai shi ma ya tsufa ga shi yana tafiya da ƙafarsa, wannan ciwo ne, kuma sai ya nemo maganinsa ko a ina yake. Gaskiyar magana tsoro yake ji. Bai san yadda zai waye gari ba karen nan a gidan ba.

Labari ya kai kunnen Gizo. Kun san halinsa, ɗan banza, damina ta wuce bai kama fartanya ba, rumbunsa wayam. Sai ya samo tsohuwar jaka, ya rataya layu har wuya, ya zo ƙofar gidan Korau yana sallama da tsamin bakin nan nasa, wai shi ne mai maganin dabbobi tun daga kakanni. Ya duba bakin kare, ya ɗaga wutsiya, ya girgiza kai. Kallo ɗaya ya yi ya gane ba abin da ke damun Sha-raɓa sai shekaru, amma sai ya ce iskar daji ce ta shige shi, kuma an yi sa'a an kira shi da wuri. Abin sadaka kuwa, akuya guda.

Korau bai ko yi ciniki ba, ya kwance akuyar Tarana ya miƙa. Gizo ya kwaɓa dakakken barkono da man kaɗe, ya shafe ƙafafun kare da shi. Da zafi ya ratsa, Sha-raɓa ya zabura ya miƙe, ya zaga tsakar gida yana tangaɗi. Korau ya yi ta murna yana kiran Tarana ta zo ta gani, kare ya tashi. Kafin la'asar ya koma ƙarƙashin rumbu, ƙafafu sun kumbura, yana lasarsu yana nishi. Gizo kuwa yana gida yana shan romon akuya.

Da nama ya ƙare, Gizo ya dawo. Ya ce ai iskar ta bar ƙafa ta hau ƙirji, sai an yi hayaƙi. Wannan karon baka da kwari yake so. Korau ya tsaya ya dubi bakan nan, na mahaifinsa ne, hannu ya goge shi har yana sheƙi. Ya sauke shi daga bango ya bayar. Gizo ya tara tsumma da kashin jaki ya kunna, ya lulluɓe kare da tabarma. Hayaƙi ya shaƙe Sha-raɓa, ya yi ta tari, ya yi haushi sau biyu. Korau ya ce alhamdu lillahi, murya ta dawo. Daga ranar ko romon ma kare bai ƙara lasa ba, sai ruwa. Baka kuwa kasuwa Gizo ya kai shi.

Karo na uku, bazara ta kai ƙarshe, hadari ya fara haɗuwa a gabas, kowa na gyaran gona. Gizo ya zo ya ce saura magani ɗaya, babban, wanda ba ya kuskure. Za a sa ƙarfe a wuta ya yi ja, a yi wa kare sakiya a baya wuri uku, iskar ta fice. Ya ɗaga kai ya dubi damman gero guda biyu da ke rataye a bakin rumbu, ya ce su yake so. Ku kuwa kun san mene ne wannan? Iri ne. Zangarniyar da aka zaɓa tun kaka, manya manya, aka ware don shuka. Ko yunwa za ta kashe mutum ba ya taɓa ta.

Tarana tana jin haka ta ajiye tsintsiya.

"Malam, an tafi da akuyata ban ce uffan ba. An tafi da bakan mahaifinka na yi shiru. Amma in ka ba da irin nan, bana ba mu da gona. Kuma ka dubi karen nan da kyau, ka gaya mini ko shi ya roƙe ka."

Korau ya juya ya ce wa Gizo ya zo gobe da hantsi da ƙarfensa.

Washegari da sassafe sai ga baƙo. Wani tsohon zomo ne, kunnensa ɗaya a yage, gashin bakinsa ya yi fari, yana tafe yana hutawa. Ya riƙo ɗan ƙunshin ganyen wake, wai kayan dubiya, ko da yake kare ba ya cin ganye, amma ai ba a zuwa hannu sake. Ya yi sallama, Tarana ta nuna masa ƙarƙashin rumbu. Wannan zomon, shekara goma Sha-raɓa na korarsa a fadama bai taɓa kama shi ba, iyakarsa kunnen nan da ya yaga. Da zomo ya ga kwana da kwanaki ba wanda ya kore shi, sai dajin ya yi masa faɗi, ya tambaya, aka ce ai abokin gudunsa na kwance.

Suka gaisa. Kare bai gan shi ba, amma ya san warinsa, har wutsiyarsa ta ɗan motsa. Suka shiga hirar da. Zomo ya tuna masa ranar da ya shige kogon kuka ya bar shi yana haushi har rana ta faɗi. Kare ya ce ai da ba don ƙaya ta soke shi a shekarar babban ruwa ba, da tuni an sha romon wani. Suka yi dariya irin ta tsofaffi, wadda tari ke ƙarasawa. Sannan zomo ya dubi kumburarrun ƙafafun nan, ya ji ƙaurin hayaƙi a jikinsa, ya tambaye shi me ake yi masa haka. Kare ya gaya masa duka, har da ƙarfen da za a kawo in hantsi ya yi.

Zomo ya ce, "Kai kuwa me ya zaunar da kai? Ni na san gudunka fiye da kowa, kuma na ga ya ƙare. Me kake jira?"

Sha-raɓa ya ce, "Bai sallame ni ba. Tun ina ɗan kwikwiyo, in ya ce in tsaya a wuri, ba na tashi sai ya ce in tafi. Na gaji, Zomo, wallahi na gaji. Amma kullum sai ya durƙusa a nan ya ce kada in bar shi. To, yaya zan yi?"

Ashe Korau na bayan rumbu, ya hau ya sauko da damman iri, yana rungume da su, duk a kunnensa. Ya daɗe a tsaye, hawaye na sauka cikin gemunsa. Sannan ya sake hawa ya mayar da irin inda yake.

Hantsi na yi sai ga Gizo da kaskon garwashi, ƙarfe a ciki ya yi jawur, ga buhu a kafaɗa. Korau ya ce masa an fasa. Gizo ya ajiye kasko ya fara zuba. Wai ashe haka Korau yake, karen da ya cece shi daga mugun dawa shi zai bari ya mutu saboda gero dami biyu? Wai me mutanen gari za su ce? Wai shi da a ce nasa ne, ko rigarsa sai ya sayar. Maganar ta soki Korau, don mugu ya san inda ke yi wa mutum ciwo. Har Korau ya ɗaga kai ya dubi bakin rumbu. Sai ya sunkuya ya dubi karensa, ya ga yadda jikinsa ke rawa tun da ya ji ƙaurin ƙarfe, amma bai ko yi yunƙurin guduwa ba.

Korau ya ce, "Ɗauki wutarka ka fita. Duk abin da na biya, don kaina na biya, shi kuwa shi ya sha azabar."

Gizo ya buɗe baki zai ce akwai wani ƙaramin magani mai sauƙin kuɗi. Tarana ta fito daga madafa da muciya, tuwo na ɗiga a jikinta. Ban taɓa jin inda mai magani ya yi gudu irin na ranar ba, har jakar layun ya bari.

Korau ya wanke wa karensa ƙafafu da ruwan sanyi, ya goge masa toka da ƙaurin hayaƙi. Ya saɓa shi a kafaɗa, ya ji ba nauyi, kamar ya ɗauki buzun salla. Suka kama hanyar fadama, zomo na biye a hankali. A gindin wata kanya, inda suka saba hutawa in rana ta take, nan ya sauke shi a kan ciyawa. Iska na kaɗowa da ƙamshin ruwan da aka yi a wani gari. Ya ɗebo ruwa a tafin hannu ya ba shi, ya ɗora kan karen a cinyarsa, yana shafa farin wuyan nan.

"Sha-raɓa, ka yi aikinka, ka gama. Ka yafe mini barkono da hayaƙi. Na sallame ka, je ka."

Kare ya ɗaga kai yana shaƙar iskar daji. Sai tsohon zomo ya matso gabansa, ya karkaɗa yagaggen kunnensa, ya fara ɗan tsalle a hankali, yana waiwaye. Ku ji ikon Allah, karen da ya yi kwanaki bai miƙe don kansa ba, sai ya tashi. Ya yi taku ɗaya, ya yi na biyu, ya yi na uku, wutsiya a sama. Zomo ya tsaya cik, bai gudu ba. Sha-raɓa ya ɗora ƙafarsa a bayan zomo, ya kwanta a gefensa, ya ja dogon numfashi. Shi ke nan.

Zomo ya ce, "Yau dai ka kama ni."

Korau ya haƙa rami a gindin kanyar ya rufe shi. Suka zauna su biyu, maharbi da zomo, har inuwa ta juya. Da zai tafi zomo ya yi masa gaisuwar rashi, Korau ya amsa, ya raka shi har bakin ciyawa.

To, kun ji. In kana son abu, ka nema masa magani iyakar ƙarfinka, wannan wajibi ne. Amma ka riƙa duban idonsa, kada tsoron kewarka ya sa ka riƙe shi cikin wahala, masu cin kasuwar tausayi su kwashe maka gida. Wani lokaci ƙarshen alherin da za ka yi wa wanda ya bauta maka shi ne ka zauna kusa da shi, ka ce masa ya tafi lafiya.

Ƙungurus kan ɗan kusu. Ƙaryar da ke ciki ta Gizo ce, hawayen nan kuwa nawa ne, kada wanda ya yi mini dariya.