Kifin Sadakar Kaka Maliki

Akwai wani tsoho masunci a wani ƙauye kusa da Fau, ana ce masa Kaka Maliki. Allah Ya jiƙansa.

Idan rani ya yi, kogin Rahad yakan yanke, sai gurbi ɗaya mai zurfi ya rage a bayan ƙauyen. Nan 'ya'yan kifi suke fakewa har ruwa ya dawo. Shekara talatin Kaka Maliki yana tsaron gurbin nan. Duk komar da yatsunsa uku ba su shiga idonta ba, ba ta taɓa ruwa.

Da wani mai babbar gona ya so kafa injin ban ruwa a wurin, sau huɗu tsohon nan yana hawa bayan lori zuwa Gadarif, ga ciwon gwiwa, har hukuma ta hana. Hujjarsa ɗaya: nan ne abincin gida sittin.

Jikarsa Jannatu ita ke masa gyaran koma tun tana ƙarama. Yakan ce mata, "Amarya, kifin da bai kai tafin hannu ba, na baɗi ne. Wanda ya ci shi ɓarawon 'ya'yansa ne."

Ana tsakiyar rani ya rasu.

Ranar sadakar bakwai, jama'a suka cika ƙauyen, har daga Ƙala'at an-Nahal. Babban ɗansa Usumanu ya dubi tukwane ya ce, "A ce uban masunta ya rasu, baƙi su ci gurasar kisra da miyar kuɓewa zalla? Wallahi ba za a yi da mu a bakin duniya ba."

Aka jefa koma a gurbin, ba ta kamo abin kirki ba. Sai suka kwance gidajen sauro, suka ɗinke su wuri guda, suka ja gurbin tun daga wannan baki har wancan.

Jannatu na tankaɗe aka dire mata daro. Ta leƙa. Kifi kamar ɗan yatsa, wasu ma ba su daina motsi ba.

Ta ce wa Usumanu, "Baffa, wannan fa na baɗi ne!"

"Ke Jannatu, halas, ya isa haka! Don girmansa muka yi. Sau ɗaya ne kawai."

"Da yana raye za ku yi?"

"To yana rayen ne? Ɗora mai, baƙi na jira."

Ta soya, hawaye na ɗiga. Tana jin maza a rumfa suna lashe yatsu suna cewa, "Kai, Malam Maliki mutum ne! Ba za a sake irinsa ba." Ita ko loma ɗaya ba ta kai baki ba.

Wanda ya ga an yi sau ɗaya, washegari ya zo da nasa gidan sauron. Wa zai hana, tunda ɗan marigayi ne ya fara?

Damina ta zo ta wuce, koma na fitowa da laka. Mai gona ya dawo da injinsa da ma'aikacin hukuma. Ma'aikacin ya ce a jefa koma a gabansa. Sau uku aka jefa, ko kifi ɗaya babu. Ya sa hannu a takardar izinin kafa injin.

Yau Usumanu yankan riɗi yake a gonar mutumin nan. Ya dawo ran nan hannu duk kanta, ya ce, "Jannatu, ba ɗan kifi a miyar?"

Ta ce, "Baffa, ai kun cinye shi ranar bakwai."

Darasi: Girmama mamaci ba a cikin tukunya yake ba, yana cikin riƙe abin da ya tsare da ransa. Ni dai 'yan uwa, abin nan na hana ni sukuni, don ban san me namu yaran za su yi da abin da muka bar musu ba. Don Allah ku tura wa wasu, ko wani zai tuna da amanar kakansa.