Shugaban da Ya Sauka Cikin Rijiyar 'Yan Tawaye

Akwai wani mutum a zamanin kakannin kakanninmu, ɗan mahaƙin rijiya, wanda ya girma da igiya a ƙugu da laka a ƙafa. Da ya manyanta, mutanen ƙasarsa suka ga gaskiyarsa, suka ɗora shi a kan shugabanci. Magana ɗaya yake maimaitawa kullum: ƙasar ɗaya ce, mutanen tudu da na kwari duk nasa ne, shugaba kuwa bawan jama'a ne. Fadawa sukan ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe," kamar yadda fadawa suka saba, amma ba wanda ya ɗauka da gaske yake yi.

Ana nan sai wani gari na kan tudu ya yi masa tawaye. Aka yi wata bakwai ana yaƙi kafin a ci garin. A wannan yaƙi ne aka kashe ɗansa na fari.

To, al'adar ƙasar ita ce, in an ci garin da ya yi tawaye, sai a cike rijiyarsa da duwatsu, domin mutanensa su watse, kada garin ya ƙara tashi. Garin nan kuwa rijiya ɗaya gare shi, ga rani ya tsananta. Kafin shugaban ya iso, mayaƙa sun riga sun zuba duwatsu har ruwan ya ɓace. Mata da tsofaffi suna tsaye nesa riƙe da tulunansu. Ba mai roƙo, gama sun san al'ada.

Sarkin yaƙi ya ɗauko dutse ya miƙa masa, ya ce, "Ranka ya daɗe, mun bar maka na ƙarshe, saboda ɗanka."

Shugaban ya karɓi dutsen, sa'an nan ya ajiye shi a gefe. Ya tuɓe rawani da babbar riga. Ya ce, "Ku kawo mini igiya."

Ya ɗaura ta a ƙugunsa yadda mahaifinsa ya koya masa, ya sauka. Tun hantsi yake loda duwatsu a kwando, mayaƙan da suka zuba su suna jawo su waje, kansu a sunkuye. Da yamma kwandon ya fito yana ɗigar ruwa. Shugaban ya fito bayansa, hannuwansa duk jini.

Ya nufi wata tsohuwa a cikin matan, ya ce, "Iya, kawo tulunki."

Ta ce, "'Ya'yana biyu sun yaƙe ka. Ko su ne suka kashe naka, ban sani ba."

Ya ce, "Ni ma ban sani ba, Iya. Kawo tulun."



Ma'anar wannan misali ita ce: garin nan mu ne. Mun yi wa Allah tawaye, hukunci kuwa ya cancance mu. Amma Ubangiji Yesu ya ajiye ɗaukakarsa, ya sauko inda muke, ya zub da jininsa domin masu tawayen su rayu. Bai tsaya tambayar wanda ya fi laifi a cikinmu ba.

Yanzu, 'yan'uwa, mu dubi kanmu. Wani a nan ya cike wa ɗan'uwansa rijiya saboda iyakar gona: ya daina gaishe shi, ya hana 'ya'yansa shiga gidansa, yana kuma zama a layin gaba a majami'a yana rera waƙa da ƙarfi. Zai ce an cuce shi, mai yiwuwa kuma gaskiya ne. Shugaban nan ma an cuce shi, fiye da kai.

Dutsen yana hannunka. Ka ajiye shi a gefe, ka je ka nemo igiya.