Shari'ar Gemun Korau

Me ya sa ɗan Adam yake roƙon tsawon rai safe da yamma, amma ranar da amsar ta tsiro masa fari fat a haɓa sai ya nemi abin rufe ta? Na tambayi malamai, na tambayi wanzamai, ba wanda ya gamsar da ni. Abin da na samo kawai shi ne wannan labari.

An ce wai a wani gari mai ganuwa an yi wani madugu da ya ajiye fatauci, ana ce masa Korau. Ya ba shekara sittin baya, amma gemunsa baƙi wuluk kamar na ango. Asirin kuwa baƙin tukunya ne da man kaɗanya, kullum da safe yake kwaɓawa ya shafa. Saboda haka ba ya alwala a gaban mutane, in hadari ya haɗo kuma shi ne farkon shiga gida. Kowa ya sani, ba mai faɗa.

Al'adar garin, in damina ta wuce akan fita gyaran ganuwa. Ba a tambayar shekaru, don ba wanda ya rubuta nasa. Gemu ake dubawa. Mai baƙin gemu ya ɗauki kwandon laka ya hau tsani, mai furfura ya zauna gindin tsamiya yana yi wa masu aiki gyara da baki. A da Korau yakan tsiri tafiya in lokacin ya zo. A wannan shekara ciwon gwiwa ya hana shi, ga shi kuma taubashinsa Tunau aka naɗa Sarkin Magina.

Tunau ya iske shi ya saje cikin dattawa a inuwa, ya ce, "Samari, ɓatan hanya ka yi? Ga kwandonka can."

Korau ya ce, "Kai Tunau, ka kiyaye ni! Ina ɗaura wa jakuna kaya aka raɗa maka suna."

"To ga ruwa a ƙwarya. Wanke gemun mu gani, ni da kaina zan shimfiɗa maka buzu."

"Gemuna halittar Allah ne, ba abin da zan wanke."

"Madalla. Halittar Allah ta hau tsani."

Korau ya dubi tsanin, ya ji gwiwoyinsa sun amsa tun bai tashi ba. Ya dubi ƙwaryar, ya ji ta fi tsanin tsawo. Sai ya ce alƙali ne zai raba su.

Alƙali Mamuda ya shiga tsaka mai wuya da ya ji ƙarar, don shi da Korau rana ɗaya aka yi musu kaciya. In ya faɗi abin da ya sani, ya tona asirin dattijo a bainar jama'a. In ya bi zahiri, ya ɗora wa mai ciwon gwiwa laka ya tura shi sama. In kuma ya yafe masa haka kawai, gobe kowane mai baƙin gemu zai nemi inuwa.

Can sai ya ce, "Shaidu biyu ne a gabana, duka a jikin mutum ɗaya. Gwiwoyi sun ce su tsofaffi ne, na ji ƙararsu sa'ad da yake durƙusawa, na yarda. Gemu ya ce shi saurayi ne, mai shi kuma ya tsaya masa, shi ma na yarda. Ba a zaluntar tsoho don saurayi, ba a kuma ɓoye saurayi a bayan tsoho. Gwiwoyi su tafi inuwa su huta. Gemu ya tafi aiki. Sarkin Magina, ba kwa zuba ciyawa cikin laka don ta riƙe gini?"

Tunau ya ce, "Muna zubawa, Allah ya gafarta Malam. Gashi ma ya fi ta ƙarko."

"To a kira wanzami."

Wanzami ya zo, ya tsuguna, ya fara wasa aska a tafin hannu. Korau ya dafe gemunsa da hannu biyu. Shekara arba'in yana kiwonsa, yau a kwaɓa shi da laka, shi kuma ya ratsa kasuwa da haɓa sumul kamar ƙwai?

Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ina da magana a kan shaidan nan na biyu."

"Muna ji."

"Ban... ban cika yarda da shi ba. Yana da ƙarin gishiri."

Aka tuntsire da dariya, har wanzami ya yanke yatsa. Alƙali ya shafa nasa farin gemun, ya ce, "Taura biyu ba ta taunuwa, Korau. Furfura itaciya ce, wanda ya ƙi ta ya ƙi inuwarta."

Korau ya ja dogon numfashi, ya naɗe hannun riga, ya harari taubashinsa ya ce, "Kai maras kunya, miƙo ƙwaryar nan. Ka haɗo da sabulu."