Dawar da Aka Dama Kunu da Ita

Akwai wata mata a wani gari, sunan garin kam a bar shi. Ana ce mata Maman Dogara. Tana da kirki, amma kirkinta mai gaggawa ne, kafin ka ce kana jin ƙishi ta ɗora maka tulu a kai.

Wata shekara faɗa ya kori mutane daga ƙauyukansu na kan dutse, suka zo garin. Ikilisiya ta ce kowane gida ya ɗauki baƙo. Maman Dogara ta ɗauki wata tsohuwa, Kaka Bilhatu, wadda ta iso da zani ɗaya da ƙullin tsumma ɗaya.

Ran nan tsohuwar ta fita gaisuwa, sai Maman Dogara ta shiga share mata ɗaki. Ta ɗaga tabarma, sai ga ƙullin. Ta kwance, ta ga jar dawa, ba ta fi tafi uku ba, duk ta yi buɗu-buɗu da toka. Ta ce, "Wayyo, baiwar Allah! Abin da take ɓoyo ke nan saboda yunwa?" Sai ta wanke dawar tas, ta watsa ruwan a bayan madafa, ta niƙa, ta dama kunu har da tsamiya.

Kaka ta dawo, ta kurɓa sau ɗaya. Hawaye ya zubo. Ta shanye duka, ta ce, "Na gode, 'yata." Maman Dogara kuwa daɗi ya cika ta, wai kununta ya sa mutum kuka.

Ran Lahadi sai fasto ya yi sanarwa. Ya ce an ba baƙi fili a bayan majami'a, za a yi gona tare. Kowane ƙauye da kunyarsa ta shuka, 'yan mata za su rubuta sunan ƙauyen a allo da fenti a kafa. Ya ce, "Duk wanda ya gudo da irin shuka na garinsu, ya kawo ran Asabar."

Nan Maman Dogara ta gane. Iri! Ashe toka don ƙwari aka sa. Daga ƙauyen Kaka kuma ba wanda ya iso garin sai ita kaɗai.

Ba ta gaya wa kowa ba, ko mijinta. Ta ɗebo tata dawar, ta baɗe da toka, ta ƙulle a tsumman, ta mayar ƙarƙashin tabarma. Kwana shida tuwo ba ya wuce mata wuya.

Ran Asabar suka tsaya a bakin kunyar, ga allo da sunan ƙauyen Kaka da shuɗin fenti. Tsohuwar ta fara kwance ƙullin. Maman Dogara ta ga in aka shuka wannan, ƙarya ce za ta tsiro a ƙarƙashin sunan garin mutane. Sai ta riƙe mata hannu, ta durƙusa.

"Kaka, ba naki ba ne. Naki na dama miki kunu da shi."

Kaka ta ce, "Yo ni ban sani ba? Shekara sittin ina shan dawar nan, kurɓa ɗaya na gane ta."

"To me ya hana ki faɗa?"

"Ke me ya hana ki tambaya, sarauniyar gaggawa?" Ta ja mata kunne kaɗan. "Tashi, gwiwarki za ta yi ciwo. Ruwan da kika wanke ta, ina kika zubar?"

Suka koma gida, suka zaga bayan madafa. An yi ruwan sama sau biyu a makon nan. Kaji sun tone wurin, amma a gindin katanga ga tsiro guda biyar, gindinsu ja. Kaka ta zauna a ƙasa daɓas, tana shafa ganyen, tana ce musu, "Sannunku da hanya." Maman Dogara ta sare ƙaya ta kewaye su, ta yi wa kaji kashedi da murya har maƙwabta suka leƙo. Da suka yi ƙwari aka dasa su a gonar, su biyar kawai a doguwar kunya.

To, ga ma'anar misalin nan. Ƙullin tsumman shi ne abin da baƙo yake zuwa da shi, wanda mu muke gani kamar datti. Kunun kuma taimakon da muke yi ne ba mu tambaya ba. Ai Yesu ma sai da ya tambayi makahon nan abin da yake so kafin ya buɗe masa ido. Saboda haka in baƙo ya sauka gidanku, ku ba shi ruwa, ku zauna, ku tambaye shi me ya kawo.

In kuma akwai wadda ta ɓata wani abu ta ɓoye, tuwo ba ya wuce mata, ta je ta faɗa. Tsoro ne, na sani. Amma Maman Dogara ba ta ga tsiron nan ba sai bayan da ta durƙusa, alhali kullum ta nan take wucewa da tsintsiya.