Ɗan da Ya Zaɓi Fadama

Akwai wani mutum mai gona biyu, ɗaya a kan tudu duk tsakuwa, ɗaya a fadama inda shinkafa take yi sai an gaji da yanka. Da ya rasu, dangi suka taru don raba wa 'ya'yansa biyu gado.

Babban ɗan kuwa ya daɗe da sa wa fadamar ido. Ana shafa addu'a ya miƙe ya ce, "Kowa ya shaida, na yafe wa ƙanena rabona na tudu. Fadama ta ishe ni."

Baffansu ya ce, "Ɗana, zauna tukuna ka ji yadda gonar nan take."

"Baffa, a cikinta na girma. Me za a faɗa mini?"

Aka shaida, aka watse. Gogan naka ya tafi yana murna, wai ya yi wa ƙanensa wayo.

Gab da damina sai ga wani dattijo daga ƙetaren rafi. Ya yi wa babban ɗan gaisuwar rashi, sa'an nan ya ce, "Bana jikokina za su noma fadamar. Aro na ba mahaifinka."

Ɗan ya ce, "Aro, Baba? Ai gadona ce."

"To, wa yake kawo mini dami guda kowace kaka?"

Nan ɗan ya tuna. Shi ne mai kaiwa a kansa, shekara da shekaru, yana gunaguni wai mahaifinsa ya cika kyauta. Ashe damin nan shi ne shaidar cewa gonar da mai ita.

Ya ruga wurin baffansa. Baffan ya ce, "Gado shi ne abin da mamaci ya mallaka. Aro ba ya shiga rabo, ko wasiyya ba ta isa ta ba da shi ba. Naka na gaske kuwa, da bakinka ka yafe shi." Sai ɗan ya zube a ƙasa. Ga ruwa ya kusa sauka, ba shi da inda zai sa fartanya.

Ma'anar wannan misali ita ce: fadamar nan duniya ce. Lafiyarmu, ƙarfinmu, har numfashin da muke shaƙa, duk aro ne daga Ubangiji. Gonar tudu kuwa ita ce gadon da Allah ya alkawarta wa 'ya'yansa cikin Almasihu. Ba ya ɗaukar ido yanzu, shi ya sa, abin takaici, muke saurin sakinsa saboda abin da ba namu ba. Ɗan'uwa, ranar da Mai abu ya yi sallama a ƙofarka, me zai rage a hannunka?