Mai Wando da Jaridar Tela

Akwai wani ɗan wasan talabijin da ya shekara goma sha tara a harkar, amma in ka tara duk maganar da ya taɓa yi a gaban kyamara, da ƙyar ta cika shafi biyu. Ya fito a mai gadi, ya fito a fasinja, ya fito a gawa har sau uku, kuma a na ukun darakta ya yaba masa.

Aikin da ya fi daɗewa a kai shi ne wani shirin barkwanci na mako-mako mai suna "Dawo Gobe". Labarin wani tela ne da ba ya gama ɗinki a kan lokaci. Mutumin namu shi ne kwastoman da ya kawo ɗinkin wando tun a kashi na farko, yake zaune a benci yana jira. Duk mako maganarsa ɗaya ce: "Tela, an gama?" A ce masa ya dawo gobe, ya tashi ya fita. Shi ya sa kowa ke kiransa Mai Wando, har da matarsa in ranta ya ɓaci.

Tauraron shirin kuwa shi ne wanda ke fitowa a Tela. Gaskiya a faɗa, Allah ya ba shi baki. In ya fara zuba ƙarya yana kare kansa, sai ka riƙe ciki. Amma girman kai ya yi masa yawa. Mutumin da ko maɓalli bai iya ɗinkawa ba, ya sa an saya masa kujera ta musamman mai sunansa a baya, kuma ba ya amsa gaisuwa kafin ya sha shayi.

Kamfanin da ke shirya wasan yana da wata doka. In zango ya ƙare, duk wanda bai yi magana a kashi na ƙarshe ba, ana ɗaukarsa ɗan cika wuri ne, ba a sabunta masa takardar aiki. Mai Wando ya san wannan doka sarai. Jumlarsa guda ɗaya ita ke riƙe da shi, ita ke riƙe da gidansa.

To, sai ga kashi na ɗari ya zo, kuma shi ne ƙarshen zango. Marubuciyar shirin, wata mata mai tausayi, ta ce lokaci ya yi da Mai Wando zai fashe. Ta rubuta masa jawabi shafi ɗaya da rabi, inda zai miƙe ya wanke Tela tas a kan shekarun da ya yi yana jiran wando.

Bawan Allah ya kai takardar gida a cikin leda don kada ta yi datti. Ya haddace ta a banɗaki, ya haddace ta a cikin bas, har wata rana kwandasta ya ɗauka da shi yake. Matarsa ma ta haddace ba da sonta ba. Don murna, ta gayyaci yayanta ya zo gidansu kallo ranar da za a haska. Wannan yaya nata yana da shagon tayil, kuma shekara goma ke nan yana cewa wasa ba sana'a ba ce, akwai kujerar mai kula da sito tana jiran surukinsa duk ranar da ya dawo hayyacinsa.

Ranar da aka zauna karanta labarin tare, Tela ya zo da jan biro. Ba karantawa yake ba, ƙirga layuka yake. Da ya kai shafin Mai Wando sai ya tsaya, ya cire tabarau, ya dubi darakta.

"Wa mutane suke kunna talabijin don su gani?"

Darakta ya ce shi ne mana, kowa ya sani. Tela ya ce to in haka ne, me ya kai shafi ɗaya da rabi bakin benci? Ya kawo shawara cewa shi zai faɗi jawabin a madadin kwastoman. Zai ce "na san abin da za ka faɗa", sai ya zuba shi duka. Marubuciya ta yi ƙoƙarin magana, ya ce in ba a yi haka ba a nemi wani telan kafin Litinin.

Da ya ga ba mai hana shi, sai hannunsa ya saba. Ya kwashe rabin maganar wadda ke fitowa a matarsa. Ya kwashe duk barkwancin wanda ke fitowa a mai gugan shagon. A ƙarshe ya ja layi a kan "Tela, an gama?" ma, wai ta tsufa.

Mai Wando ya ji kamar ya yi kuka a gaban mutane. Ya bi Tela har bakin mota, ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, jawabin na bar maka. Ka bar mini tambayata kawai. Ka san doka."

Tela ya ce doka ba shi ya kafa ta ba, ya ja gilashi.

A gida Mai Wando bai iya gaya wa matarsa ba. Ya yi tunanin ƙin zuwa ɗaukar shirin gaba ɗaya, tunda dai aikin ya tafi. Amma ya ce wa kansa shekara biyar yana zama a bencin nan bai taɓa makara ba, ba zai fara a ranar ƙarshe ba. Ya goge rigarsa ya tafi.

Abin da Tela bai lissafa ba shi ne, wanda ya kwashe maganar mutum uku sai ya haddace maganar mutum uku. Shi kuwa ƙwaƙwalwarsa ta saba da layi ashirin, yanzu an ɗora mata shafi goma sha ɗaya. An yi ɗauka ta farko ya manta. An yi ta tara ya manta. Ya zargi fanka, ya zargi mai fitila, ya ce turaren matarsa ta shirin ne ke hawa masa kai.

Rana ta yi nisa, kuma ɗakin ɗaukar na kwana ɗaya aka ba su. Sai darakta ya yi dabarar da 'yan wasa ke yi a ɓoye. Ya sa aka rubuta layukan da manyan baƙaƙe, aka manna a bayan jarida. Ana buƙatar wanda zai zauna daidai gaban Tela ya buɗe jaridar kamar yana karantawa. Aka waiga, mutum ɗaya ne ba shi da abin yi.

"Baba, taimaka mana," in ji darakta. "Ka riƙe ta sama kawai, kada ka motsa."

Mai Wando ya karɓa. Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne, jawabinsa ne manne a bayan jaridar, yana riƙe wa wani ya karanta.

Matsalar ita ce Tela yana magana a kowace fitowa, don haka dole jarida ta bi shi ko'ina. An gama na shago, aka koma na falon gidan Tela, sai ga kwastoma zaune a kujera da jarida. Aka koma inda Tela ke kwance a asibiti yana ƙaryar ciwo, sai ga kwastoma a bakin gado da jarida. Marubuciya ta tambaya yaya za a bayyana wa masu kallo abin da ya kawo shi. Darakta ya ce ba shi da lokacin bayani.

Jarida ba ta da nauyi, sai in ka ɗaga ta awa shida. Hannun Mai Wando ya gaji. A tsakiyar babban jawabin, jaridar ta soma sauka a hankali ba da saninsa ba. Tela kuma ba zai iya ɗauke ido daga rubutun ba, sai ya riƙa bin ta. Jarida na sauka, wuyansa na sauka. Ta kai ƙirji, ya sunkuya. Ta kai cinya, sai ga babban tauraro durƙushe a kan gwiwoyinsa, yana ta zazzaga masifa a gaban kwastoma.

A saman jaridar kuwa idanun Mai Wando ne suka bayyana. Ba wasa yake ba. Tunanin sito yake, da buhunan siminti, da yadda zai kalli surukinsa. Ya dubi Tela da idon mutumin da ya gaji da duniya, ya lumshe sau ɗaya, ya ɗaga jaridar a hankali. Tela ya miƙe tare da ita.

Haka aka yi ta yi har aka tashi. Mai tace hoto ya nemi ɗauka ɗaya mai tsabta bai samu ba, sai ya haɗa abin da ke akwai.

Ranar Asabar da yamma falon Mai Wando ya cika. Yaya ya zauna a babbar kujera, maƙwabta a kan tabarma, matar gida tana motsa baki tana shirin bin jawabin. Mai gidan ya tsaya a bakin ƙofa, kusa da takalmansa.

Dariyar farko ta zo ne da aka gan shi a falon Tela. Da aka gan shi a asibiti, wata maƙwabciya ta ƙware da ruwa. Da Tela ya durƙusa, idanun nan suka leƙo, Yaya ya zame daga kujera yana dukan tabarma. Wannan mutum ne da ba a taɓa ganin haƙoransa ba ko a ranar aurensa.

Da aka gama, matarsa ta ce, "To ina jawabin da ka hana mu barcin rana a kansa?" Ya ce an yanke. Yaya ya share hawaye ya ce ai gara da aka yanke, wannan ido ya fi jawabi. Bai ambaci sito ba ranar, kuma bai sake ambata ba.

Kafin Litinin, guntun bidiyon ya zaga wayoyin mutane. In mai haya ya zo da dogon bayani, sai a tura masa idon Mai Wando. Shugabar kamfanin ta kira shi ofis, ta ce dokar nan ba ta hau kansa ba. Ta miƙa masa sabuwar takarda, sunansa a sama, da sharaɗi ɗaya: kada ya kuskura ya furta ko kalma ɗaya a shirin. Shekara goma sha tara yana jiran a ba shi magana, ranar da aka ɗaukaka shi aka rufe masa baki a rubuce. Ya sa hannu yana dariya, idonsa na ƙwalla.

Tela da ya ji, ya ce ko shi ko mai benci. Aka ce Allah ya kiyaye hanya. Ya tafi ya buɗe nasa shirin, inda shi ne tela, shi ne kwastoma, shi ne maƙwabci. Aka haska kashi huɗu aka daina. Wadda ke fitowa a matarsa ta samu babban matsayi a wani shirin, mai guga kuma ya zama muryar tallan sabulu, har ya yi ƙiba.

Kuna tsammanin nan labarin ya ƙare, ko? Ai nan ne hankalin Mai Wando ya tashi. An kawo sabon tela, Mai Wando ya kalle shi, ba wanda ya yi dariya. Aka kawo na biyu, mai ladabi ne, kallon nan sai ya zama kamar zalunci. Na uku da aka kalle shi sai ya fashe da dariya shi ma. Masu kallo suka fara raguwa, shugabar kamfani ta ce in ba a gyara ba kafin ƙarshen wata, za a rufe shirin.

Mai Wando ya yi kwanaki yana juya abin, ya gane gaskiyar da ba ta yi masa daɗi ba. Idonsa ba ya aiki sai a kan mutumin da ya yarda da kansa ɗari bisa ɗari yana zuba shirme. Kuma mutum ɗaya ya sani mai wannan baiwa.

Matarsa ta ce, "Wanda ya ja maka gilashin mota za ka je ka roƙa?" Ya ce ba roƙo zai je ba, aiki zai kai, kuma mutumin yana da iyali kamar kowa.

Ya same shi da hantsi a ƙofar gida, da singileti, yana wanke motar da kansa. Tela ya gan shi ya ɗaure fuska, ya ce in dariya ya zo yi masa, ya yi ya tafi. Mai Wando ya gaishe shi kamar yadda ya saba, da rusunawa, ya gaya masa komai bai ɓoye ba. Ya ce shirin zai mutu, kuma shi kaɗai ba zai iya ceto shi ba.

"Ranka ya daɗe, ni kallo kawai na iya. Sai da abin kallo."

Tela ya daɗe yana matse soso. Can ya yi gyaran murya.

"Sunana ne zai fara fitowa?"

"A'a."

"Na biyu?"

"Na biyu."

Tela ya kalli motar, ya kalli ƙofar gidansa inda matarsa ta gaskiya ke leƙowa ta labule. Ya ajiye soson a cikin bokiti, ya goge hannu a wando.

"Ƙarfe nawa ake farawa?"

Darasi: Kada ka danne na ƙasa da kai don ka ƙara tsawo, domin ba ka san ta inda Allah zai ɗaga shi ba. In an zalunce ka, ka riƙe aikinka da kyau, kada ɓacin rai ya sa ka watsar da shi. In kuma ka samu sama, ka tuna ba kai kaɗai ka kai kanka ba, ka miƙa hannu ko ga wanda ya taɓa juya maka baya. Ku tura wa 'yan uwa da abokan aiki, musamman wanda kuka san yana yawo da jan biro.