Kabewar da Ta Ƙetare Danga

Habila, rufe mini baki. Wace irin tambaya ce wannan? An aike ka da kwandon kubewa da kabewa gidan Malam Zakka, ka kai ka dawo, sai ka zo ka tsaya mini a ka kana cewa, "Kaka, don me kullum mu ne masu bayarwa, alhali mu muka sha wahalar noma?" Wace wahala ka sha? Kai da in ka riƙe fartanya sai ka ce bayanka na ciwo. A zamaninmu yaro ba ya tambayar dalilin aike. Amma tunda ka tambaya a gaban ƙannenka, kuma na ga Afiniki ta buɗe kunne, zan ba ku amsa, ba kuwa zan maimaita ba. Ku zauna. Ke Damaris, sauke kyanwar nan.

Akwai wata mace gwauruwa wadda take da garka a bayan gidanta, ɗan fili ne da ta kewaye da dangar kara. In damina ta faɗi takan shuka kubewa da yakuwa da gauta da barkono, da tumatir ta gefen da rana ke fara bugawa. Ba ta sayen kayan miya. Amma duk abin da ke garkar, babu wanda ya kai mata kabewarta. Irin uwarta ne. Ranar da aka kawo ta gidan miji uwar ta ƙulle mata shi a bakin zane, ta ce, "Kada ki bari ya mutu a hannunki." Kabewa ce mai jan ciki, mai garɗi, in an yi miyan taushe da ita har maƙwabta sun sani. Uwar ta rasu, mijin ya rasu, irin yana nan. Kowace kaka matar takan ware kabewa mafi kyau, ta cire 'ya'yan, ta shanya, ta cuɗa da toka, ta zuba a ɗan tulu.

Wata shekara ɓera ya huda marfin tulun. Da ta buɗe a farkon damina, sai ɓawo da kashin ɓera. Ta zazzage a faifai, ta tsince, abin da ya ragu bai rufe tafin hannunta ba. Ta bi gida gida tana tambaya ko akwai mai irin, ba ta samu ba, gama ba ta taɓa ba kowa ba. Ta shuka ɗan abin da ya ragu. Tushe ɗaya ne kaɗai ya fito.

To, kun ga abin da ke gabanta. In wannan tushe ya mutu bai ba da 'ya'ya ba, irin uwarta ya ƙare a duniya, kuma a hannunta.

Ta kula da shi kamar jinjiri. Ta zuba masa takin awaki, ta kafa ƙaya kewaye da shi saboda kaji. Kabewa ta yi yaɗo, ta fitar da hannu biyu. Ɗaya ya kwanta a cikin garka, ɗayan kuwa ya nufi danga, ya sami kafa a ƙasa, ya shige gidan maƙwabta.

A wancan gida akwai wata ƙaramar mace baƙuwa. Ita da mijinta sun zo garin bayan an gama shuka, ba su sami abin sa wa ƙasa ba, bayan gidansu fili ne tsirara, sai tudun da ake zubar da toka. Gwauruwar ba ta ƙi ta ba, amma ba ta kuma neme ta ba. Gaisuwa ce kawai ta kan danga.

Da gwauruwar ta ga yaɗon ya ƙetare, ta sa hannu ta jawo shi, ta juya kansa ciki. Bayan 'yan kwanaki ya koma. Ta sake jawowa, ya sake komawa. Kabewa ba ta san danga ba. Daga nan aikin noman gero ya ɗauke mata hankali, ta kwana biyu ba ta duba ba. Ranar da ta duba, yaɗon ya yi nisa a wancan gida, har da furanni. Ta ja, ya ƙi zuwa. Ta ja da ƙarfi, ya ƙi. Sai ta ɗauko lauje, ta zagaya ta ƙofa, ta shiga ko sallamar kirki babu.

Ta tarar baƙuwar ta tara ƙasa da toka ta rufe yaɗon wuri wuri, har ya hau tudun.

"Ke 'yar nan, wa ya ce ki binne mini kabewa?"

Baƙuwar ta durƙusa. "Sannu da zuwa, Inna. Kaji ne suke tone shi, iska kuma tana juya shi. Na ce in danne shi kada ya karye."

"Da kika ga ya shigo, bakinki ciwo yake yi da ba ki faɗa mini ba?"

"Na ji tsoro, Inna. Kuma na ji daɗin ganin kore a gidan nan. Ko ganye ɗaya ban tsinka ba, Allah ya sani."

Matar ta ɗaga lauje. A ranta tana cewa, wannan hannu yana shan ƙarfin tushena ne a banza, in na yanke shi na cikin garka zai fi 'ya'ya. Sai idonta ya kai kan murhu. Tukunya tana tafasa, babu abin da ke ciki sai ruwa da busasshiyar kuka, ga shi kuwa damina ta yi tsaka, kowane gida yana cin ɗanyen ganye. Ta tsaya. Kada ku ce tausayi ne ya cika mata zuciya. Kunya ce ta kama ta. Ta sauke laujen tana ƙunƙuni.

"Na bar miki. Ki ci ganyen, in ya yi ɗa ki ci. Amma kada ki saba."

Ta koma gida tana jin an cuce ta.

Sai marka ta zo. Wannan shekara sama ta buɗe, ruwa dare da rana, tufafi ba sa bushewa, itace ba ya kamawa. Garkar matar a gangare take. Ruwa ya kwanta a ciki har idon sawu. Ta haƙa masa hanya da fartanya, ta kwashe da ƙwarya, kafin ta juya ya dawo. Tumatir ya faɗi. Barkono ya zubar da ganye. Da rana ta fito, matar ta je gindin kabewar ta taɓa, sai ya narke a hannunta, baƙi, yana wari. 'Yan ƙananan kabewar da ya fara duk suka yi rawaya suka zube.

Ta zauna a kan turmi ta yi kuka, irin kukan da ba ta yi ba tun rasuwar uwarta. Ta ce, "Ya Ubangiji, abu ɗaya aka ba ni amana, ga shi ya mutu a hannuna." Ba ta ko leƙa wancan gida ba. Me za ta gani? In gindi ya ruɓe, hannu ya mutu, haka ta sani. Ta toshe kafar dangar da kara, ta daina zuwa wannan kusurwa.

Damina ta wuce. Gero ya nuna, aka fara yanka. Wata safiya ta ji sallama, sai ga baƙuwar da gammo a ka, a kan gammon kuwa kabewa, wuyan baƙuwar har yana rawa don nauyi. Ta sauke a gabanta.

"Inna, ga kayanki."

Matar ta dubi kabewar. Ta san ta kamar yadda ta san fuskar uwarta: dogon wuya, zane zane a baya. Ta ce, "A ina kika samo wannan?"

"A bayan ɗakina. Da naki ya mutu na ce nawa ma gobe ne. Sai na ga bai yi yaushi ba. Na tona inda na rufe da ƙasa, ashe ya yi saiwa a wurin, fara fat, ya kama tudun. Ban faɗa miki ba don kada in sa miki rai ya zo ya lalace. Uku ya yi. Mun ci ƙananan biyu. Wannan na bar ta ta ƙosa saboda iri."

"Ai na ce na bar miki."

"Kin bar mini ci, Inna. Iri naki ne."

Matar ta ɗauko wuƙa ta fasa. Ciki ja wur, 'ya'ya cike, masu ƙiba. Ta durƙusa nan a ƙasa, da wuƙar a hannunta, ta ce, "Na gode, ya Uba. Ni na ɗauki lauje, kai ka riƙe hannuna." Sa'an nan ta raba 'ya'yan biyu, ta tura rabi gaban baƙuwar. Da suka bushe ta ƙulla kaɗan kaɗan a tsumma, ta bi gidajen da ta taɓa bi tana nema, ta ba kowa. Inda yaɗon ya bi kuwa ta cire kara, ta yi ƙofa.

Ma'anar wannan misali ita ce: irin nan shi ne kowane alheri da Allah ya sa a hannunku ba ku ne kuka yi shi ba. Abinci, lafiya, ƙarfin hannu, da bangaskiyar da iyaye suka ƙulle muku a bakin zane. Danga ita ce kalmar nan da Habila ya iya tun bai iya tafiya ba: "nawa." Marka kuwa tana zuwa wa kowa. Ban taɓa ganin gidan da ta tsallake ba. Ranar da ta zo, abin da ka tsare a cikin danga yana iya ruɓewa a dare ɗaya, wanda ka bari ya ƙetare shi ne za ka tarar da rai.

Amma ku lura da kyau, kada ku ce matar ta yi wayo. Ba ta san zai yi saiwa ba. Baƙuwar ma ba ta sani ba. Ita da ƙunƙuni ta bayar, waccan don kaji ta rufe. Allah ne ya yi aikinsa a ƙarƙashin ƙasa inda babu mai gani. Shi ya sa abin da ya rage mata godiya ce, ba fahariya ba. Kuma godiyar da ta tsaya a baki ban san amfaninta ba. Mai godiya yakan cika kwando.

Yanzu kai Habila, kubewar da ka kai, kai ka sa mata fure? Kai ka aiko ruwa? Iyakarka ka ɗauka daga nan zuwa can, shi ma da kumburin baki. Matar Malam Zakka tana kwance tun shuka, ba su sa ko yakuwa ba bana. Jibi kubewa za ta sake isa tsinka, kai ne kuma za ka kai, ka gaishe su da kyau, ka durƙusa.

Afiniki, yi mana addu'a, gajeriya, ki gode don abin da muka ci. In an ce amin kada in ji wata tambaya. Damaris, kyanwar nan waje za ta kwana. Ku wanke ƙafa, ku tashi ku kwanta.